Ɗakin Gwaji a Zauren Gidanmu: Abin da Na Gani a PhET da Google Arts & Culture

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a Zariya, kuma duk tsawon lokacin nan da alli nake koyar da darasin lantarki. In zana batir a allo, in ja layi in ce wayar wuta ce, in zana da'ira da gicciye a ciki in ce ƙwan fitila ne. Yara su kwafa, su haddace, su rubuta a jarrabawa. Kayan gwajin da muke da su ba za su ishi aji mai yara sama da sittin ba, shi ya sa galibi a cikin kabad suke kwana. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin na san yaron da ya ci darasin nan da maki mai kyau, idan tocilan ta mutu a gidansu bai san inda zai fara dubawa ba.

A dogon hutun da ya wuce na ce bari in gwada wata hanya da yaran gida. Nawa uku ne, na maƙwabta huɗu suka haɗu da su. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, daga hantsi zuwa kusan azahar, kwana uku a mako. Kayan aikinmu tsohuwar kwamfutar maigidana ce da wayata ta hannu. Shafuka biyu muka fi zama a kansu, PhET da Google Arts & Culture, sai wani na uku da zan taɓo a gaba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, ba talla aka ba ni ba.

PhET aikin Jami'ar Colorado ne da ke garin Boulder a Amurka. Wanda ya kafa shi a 2002 shi ne Carl Wieman, masanin da ya samu kyautar Nobel a fannin fizis a 2001, kuma da kuɗin kyautar ya fara aikin. Ba shafin bidiyo ba ne, ba kuma wanda malami ke tsayawa yana bayani ba. Gwaje-gwaje ne sama da ɗari da aka ƙera a kwamfuta, na fizis da kemistiri da ilimin halittu da lissafi, yaro ya sa hannu ya ja wannan, ya ƙara wancan, ya ga abin da zai faru. Kyauta ne a shafinsu, ba sai ka yi rajista ba kafin ka buɗe gwaji, ba kuma tallace-tallacen da ke faɗo wa yaro a fuska.

Da wanda ake kira Circuit Construction Kit muka fara. A gefen hagu akwai batir, wayar wuta, ƙwan fitila, makunni, sai ka jawo su tsakiya ka haɗa. Ban yi musu bayanin komai ba, na dai ce ina son ƙwan nan ya kama. Babbar 'yata, wadda za ta shiga aji biyu, ta jona waya ɗaya daga kan batir zuwa ƙwai ta tsaya tana jira. Shiru. Ta ce, "Umma, ya lalace." Na ce ta sake dubawa. Ɗan maƙwabciyarmu, wanda shekararsa tara, shi ne ya ce a ɗauko wata wayar a mayar da ita gindin batir. Ana jonawa ƙwai ya haska, wasu 'yan ƙwallaye shuɗɗa suka fara zagayawa cikin waya a jere kamar tururuwa. Su ne ilektiron. Zaure ya kaure da ihu har sai da na ce su sassauta, akwai mai jego a gidan da ke bayanmu.

Abin da na shekara ina faɗa da baki, cewa wuta ba ta tafiya sai hanya ta zagayo ta rufe, cikin minti biyar suka gano shi da kansu. Daga nan ba su ƙara bukatar in tura su ba. Suka ƙara batir na biyu, haske ya ƙaru, ƙwallayen suka ƙara sauri. Suka jera ƙwai uku a layi ɗaya, duk suka dushe, suka cire guda ɗaya, sauran suka mutu. Sai na tambaye su: to me ya sa idan ƙwan ɗakin girki ya ƙone, na tsakar gida ba ya mutuwa? Sun fi rabin awa suna kokawa da wannan tambaya kafin su gane a ba kowane ƙwai tasa hanyar zuwa batir. Wannan rabin awar ta fi mini duk wani darasi da na taɓa bayarwa a kan maudu'in.

Akwai wani abu a cikinsa da na yaba ƙwarai. Idan yaro ya haɗa kan batir da gindinsa da waya kawai, ba ƙwai a tsakani, sai batir ya kama da wuta a fuskar kwamfuta. Autana ya firgita ya ja baya. Nan na samu ƙofar yi musu bayanin abin da ke jawo gobarar lantarki a kasuwanni da gidaje, da amfanin fiyus, wanda shi ma yana cikin kayan, ka sa shi ka ga ya tsinke kafin ɓarna ta auku. Akwai kuma tarkace da aka zuba don gwaji: kwabo, abin goge fensir, fensir ɗin kansa, takardar kuɗi, har da hannun mutum da kare. Yaro zai sa kowanne a hanya ya ga wanda wuta ke bi da wanda ba ta bi.

Washegari ban bari an buɗe kwamfuta ba. Na aika aka sayo batir biyu na tocilan, kowanne bolt 1.5, na warware wata tsohuwar waya ta rediyo, muka ciro ɗan ƙaramin ƙwai daga matacciyar tocilan ta caji. Na ce su maimaita abin jiya da hannu. A nan ne aka ga bambanci. Waya tana zamewa, sai mutum biyu sun riƙe. Ƙwan ya ƙi kamawa duk da an haɗa daidai, har 'yata ta fara ɓata rai, sai da muka juya ƙafafunsa ya haska, domin irin ƙwan tocilan na zamani ta gefe ɗaya kawai yake karɓar wuta. Ƙwan da suka yi wasa da shi jiya bai damu da wannan ba. Da suka haɗa kan batir da gindi na ɗan lokaci, wayar ta yi ɗumi a yatsunsu, suka saki. Wancan gwajin na kwamfuta ya ba su fahimta, wannan na hannu ya ba su abin da ba a samu sai an taɓa. Ni a ganina ba a raba su. Na kuma kafa musu doka da babbar murya: batir ne abin wasanmu, soket ɗin bango bolt 230 ne, kashe mutum yake yi, ba wanda zai kusance shi.

Sauran gwaje-gwajen ba duka ne suka kama su haka ba. Build an Atom, inda ake ɗebo furoton da niyutiron da ilektiron daga bokitai ana gina ƙwayar zarra, manyan biyu ne kawai suka ji daɗinsa, ƙananan suka koma wasan 'yar carafke. States of Matter kuwa ya amsa mana tsohuwar tambaya. Ka zaɓi ruwa, ka sanyaya shi, sai ka ga ƙwayoyinsa sun jeru da tazara a tsakaninsu, sun fi cin wuri fiye da lokacin da suke ruwa. Shi ya sa ruwan leda ke kumbura a firiza, shi ya sa ƙanƙara ke tasowa saman kofi. Maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta leƙo ta tsaya kallo, ta ce, "Malama, ashe dalilin da robobina ke fashewa ke nan idan na cika su taf." A Color Vision kuma akwai fitilu uku, ja da kore da shuɗi. Suka kunna ja da kore, sai ga rawaya. Ba wanda ya yarda, domin sun saba da fenti, inda ja da kore ke ba da launin ƙasa mai duhu. Na ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a fuskar wayata inda take fari, suka leƙa suka ga 'yan ɗigo-ɗigo ja da kore da shuɗi a ciki. Haɗa haske daban, haɗa fenti daban.

Abin da ya sa na fi ba PhET maki shi ne ana iya sauke gwaji a ajiye. Kowane ɗaya fayil guda ne na megabait kaɗan, da zarar ya sauka sai ya buɗe a Chrome ba tare da intanet ba. Ni da dare nake saukewa, lokacin da layin unguwarmu ya fi ƙarfi, in tura wa kwamfuta. Ranar da aka ɗauke wuta tun asuba, da wayata muka ci gaba. Sai dai a gaya wa mutum gaskiya, a ƙaramar waya jan wayoyin wutar nan da yatsa yana da wahala, yaro zai so kama ƙwai ya kamo batir. Ya fi daɗi a kwamfuta ko babbar waya. Suna kuma da manhaja da ake saya da ɗan kuɗi kaɗan, wadda ke tattara gwaje-gwajen wuri ɗaya, amma ni ban bukace ta ba. Wani abin lura shi ne PhET ba ya gaya wa yaro abin da zai yi. Idan ba babba a kusa da zai jefa tambaya, minti goma ya isa yaro ya ƙona batir ya gaji ya tashi. Malami da ya yi rajista zai samu tsare-tsaren darasi da wasu malamai suka rubuta, kyauta, kuma sun taimaka mini wajen tsara tambayoyi. Da Turanci muka yi amfani da shi, amma rubutun da ke jikin gwaji kaɗan ne, ni kuma da Hausa nake bayani. Shafin yana ba masu sa kai damar fassara gwaje-gwajen zuwa harsunansu, kuma ina kira ga malaman kimiyya da suka iya Hausa su sa hannu a wannan aikin.

Google Arts & Culture wata duniya ce daban. An buɗe shi a 2011 da gidajen tarihi 17, yanzu cibiyoyin da suka zuba kayansu a ciki sun haura 2,000. Shi ma kyauta ne. Za ka iya shiga cikin gidan tarihi kana tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki, za ka iya kuma matso da zane kusa fiye da yadda mai gadi zai bar ka a can. Mun gwada da zanen daren taurari na Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, wanda ya zana a 1889 a kudancin Faransa, yanzu kuma yana birnin New York. Daga nesa sama ce mai murɗawa. Da muka matso sai ga sawun burushi ɗaya bayan ɗaya, fenti ya yi tudu, har da wuraren da zaren ƙyallen ke leƙowa. 'Yar maƙwabciyata mai son zanen lalle ta daɗe a kai, ta ce ashe shi ma da layi-layi ya tara abin.

Amma inda zuciyata ta tsaya shi ne sashen ƙasar Mali, wanda suka kira Mali Magic, aka buɗe a 2022. A ciki akwai shafuka sama da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu. Waɗannan takardu ne da iyalai suka adana ɗaruruwan shekaru, na fiƙihu da ilimin taurari da lissafi da magani. Lokacin da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, Abdel Kader Haidara, wani mai adana irin waɗannan takardu a garin, da mutanensa suka riƙa fitar da su a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Na buɗe shafi ɗaya na ƙara girmansa. Ɗana na tsakiya, wanda ke zuwa makarantar allo da yamma, ya kafa ido ya ce, "Umma, irin rubutunmu ne." Na ce ta yaya ya sani. Ya nuna mini harafin fa da ɗigonsa a ƙasa, da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda malaminsu ke rubuta musu a allo. Ya tashi ya ɗauko allonsa ya jingina kusa da kwamfuta. Baƙin tawada, jan wasali, bayanin da aka cusa a gefen shafi, duk abubuwan da ya saba gani ne. Na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Yaron da ake nuna masa cewa ilimi daga wani wuri yake zuwa, yau ya ga hannun da ya yi kama da na malaminsa yana rubuta lissafin taurari.

Ranar da muka buɗe hotunan babban masallacin garin Djenné na ƙasar Mali, kawuna ya zo gaishe mu. Tsohon magini ne, ya fara da ginin ƙasa tun yana yaro kafin bulo ya cinye kasuwa. Na ce, "Kawu, zo ka ga wani gini." Ya zauna a kujera, na riƙe masa kwamfuta. Masallacin da ke tsaye yanzu an gina shi a 1907, shi ne ginin ƙasa mafi girma a duniya, kuma tun 1988 garin yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Yara suka tambayi sandunan da suka fito daga jikin bango ko ado ne. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Giginya ce wannan. Tsani ne suka bar wa kansu." Haka kuwa yake, itacen giginya ne, kuma a kansu ake takawa ranar yaɓe, wadda mutanen garin ke fitowa gaba ɗaya kowace shekara, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na cuɗa laka.

Daga nan darasi ya bar hannuna. Kawu ya ce mu namu azarar a ciki muke ɓoye ta, a jera ta a rufi, a lanƙwasa ta cikin ƙasa a fitar da bakan gizo. Ya ce gara ba ta cin giginya da sauƙi, shi ya sa magabata suka zaɓe ta. Ya sa yara suka ɗebo jar ƙasa daga bayan gida, ya kwaɓa da busasshiyar ciyawa, ya nuna musu yadda ake murza tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, da yadda ake jera shi a tsaye a cike tsakani da laka. Ya yi musu bayanin makuba da ake shafa wa bango don ruwa, da zanko a kusurwar soro, da indararo. Ya ce da ni, "'Yar nan, kin kai su Mali a waya, kin taɓa kai su masallacin Juma'a na cikin birni?" Ban taɓa ba. Masallacin da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallon bakan gizonsa, tsohon ginin yana nan a cikin sabon da aka lulluɓe shi da shi. Ranar Asabar ɗin makon Kawu ya kwashi mazan ya kai su. Sun dawo suna gardamar yadda aka yi rufi mai faɗi haka ya tsaya ba ƙarfe ko ɗaya.

Google Arts & Culture yana da nasa nauyin. Hotunansa masu kaifi ne, kaifin kuma data yake ci, ba ya aiki sai da intanet. Inda layi ba shi da ƙarfi hoto zai tsaya a dushe yara su ƙosa. Na koyi zaɓen abu biyu ko uku tun da dare, in shiga kai tsaye, ba yawo. Dalili na biyu na zaɓen shi ne tarbiyya: gidajen tarihin Turai cike suke da zane da gumakan mutane ba sutura, kuma shafin yana kawo su yadda suke. Ba wuri ba ne da zan miƙa wa yaro waya in shiga ɗakin girki. Bayanin da ke ƙarƙashin hotunan da muka duba kuma Turanci ne mai ɗan zurfi, sai na karanta na mayar musu da Hausa.

Ta fannin rubutu, African Storybook ne ya cike mana giɓi. Wata cibiyar ilimi ce ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ke gudanar da shi, yana ɗauke da ƙananan labarai masu hotuna a harsunan Afirka da dama, har da Hausa, ana kuma iya sauke su a buga. Ƙananan yaran da ƙwayar zarra ta kora, a nan suka dawo. Bayan sun karanta guda huɗu ko biyar, na saya wa kowa littafin rubutu mai shafi 40, na ce duk abin da muka gani a rana a rubuta shi da Hausa kafin a tashi, a yi zane a gefe. Ba na gyara musu kuskure sai sun gama karanta wa juna. Ɗan shekara taran nan ya rubuta cewa wuta kamar ɗan aike ce, idan ba ta da hanyar komawa gida ba za ta fita ba. Na nemi izininsa na kwafe jimlar a littafin darasina.

Ga mai data kaɗan da yara masu son taɓe-taɓe, PhET zan ce ya fara da shi, ya sauke na lantarki da na launi da na ruwa, ya tanadi batir biyu. Google Arts & Culture kuwa a ware masa rana guda a mako, a shiga da niyyar abu ɗaya, in da hali a zaunar da wani dattijo da ya san sana'ar a kusa. Yanzu an koma makaranta. Na zuba gwaje-gwaje shida a filas, shugaban makarantarmu ya amince in riƙa zuwa da kwamfutar maigida ranar Talata. Zan raba ajin gida takwas, kowane rukuni ya samu minti biyar a gaban kwamfuta, sauran kuma suna kan benci da batir da waya da ƙwan tocilan. Batir goma sha shida na saya jiya a kasuwar Sabon Gari.